Yadda Na Mayar wa Malam Isiyaku da Langarsa

Wannan babin dominku na zauna na rubuta shi, ku 'ya'yana, musamman babbanku, wanda har yau bakina bai iya kiran sunansa ba. Na san abin da ake faɗa a bayan idona. Ana cewa Nafisa ce ta taho da katun ɗin mutanen Japan ta juya wa tsohuwa kai, har ta tashi da furfurarta ta yi aure. To, rabin maganar gaskiya ce, rabin kuwa ƙarya ce tsagwaronta, kuma yarinyar nan ta sha faɗan da ba nata ba. Zan faɗa maku yadda aka yi tun daga tushe. In kun gama karantawa, wanda zai ji haushi ya ji nawa, ya ƙyale mani jikata.

Shekarar da nake magana ita ce wadda aka ɗauke mana sabis saboda 'yan bindiga, daga Ƙanƙara har Faskari da Sabuwa, waya ta koma tocila da agogo kawai. Mahaifinku, Allah Ya jiƙansa, ya riga ya rasu da 'yan shekaru, ni kaɗai na rage a gidan Ƙanƙara, daga ni sai awakina. Babbanku ya yi juyin duniya in koma wurinsa Katsina na ƙi, don ban ga abin da zan yi a gidan da ko taɓarya ba a bari ka ɗaga ba. Da ya gaji sai ya turo mani ɗiyarsa Nafisa, wadda ta gama sakandare tana jiran shiga jami'a, wai ta ɗebe mani kewa. Ta iso da akwati biyu. Ɗaya tufafi ne, ɗayan kuwa da na ce bari in taya ta ɗauka sai da ƙuguna ya amsa. Littattafai ne maƙil a ciki.

Amma kafin littattafan sai kun san Malam Isiyaku, don ku da farin gemu kuka san shi. Ni na san shi tun ina budurwa a Mairuwa, ina kai fura kasuwa. Shi kuma yana tahowa da zuma daga wani ƙauye a ƙasar Sabuwa, ya shimfiɗa buhunsa daura da inda nake zama. Duk ran kasuwa sai ya sayi furata, ya sha a tsaye, ya aje ludayi, ya ce an gode, ya koma wurin zumarsa. Iyakar zancenmu ke nan, rani da damina. Na san abin da ke ransa, shi ma ya san na sani, amma shi ga nauyin baki, ni ga kunya. Mahaifinku kuwa da ya gan ni bai ɓata lokaci ba, ya turo manya. Na so shi, na aure shi da yardata, kuma ban taɓa yin nadama ba ko ta yini guda. Wannan ku riƙe shi da kyau, kada wani ya zo ya gaya maku wata magana daban.

Rigimar daji ce ta koro Malam daga ƙauyensu a shekarar nan. Ya baro gonarsa da amyar zumarsa rataye bisa itatuwa, matarsa kuma ta daɗe da rasuwa. Ya sauka gidan ɗan ƙanensa a bayan layinmu. Ran da na fara hango shi yana fitowa daga masallaci, tafiyarsa na gane kafin fuskarsa, har yanzu kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya saukowa saboda ɗaukar kaya. Muka gaisa, na yi mashi jaje, ya yi mani ta'aziyyar da ta daɗe da wucewa. Ba a jima ba sai ga aike: langa fara mai jan baki, da murfinta, cike da saƙar zuma. Daga baya na ji ashe ita ce ta ƙarshe cikin wadda ya samu ya fito da ita.

Ku da kuka saba cin abinci a roba kuna yarwa, bari in tuna maku. A wurinmu ba a mayar wa mutum kwanonsa wayam, ko ƙuli-ƙuli ne sai an jefa a ciki. Amma in namiji marar mata ya aiko wa matar da ba ta da miji, to kwanon nan tambaya ce. In an wanke shi an mayar ba komai, an ce a'a ke nan cikin mutunci, ba wanda zai ji kunyar wani a hanya. In kuwa aka zubo abin da hannun matar ya yi, to an ce bismilla, ya turo manya. Ni ban yi ko ɗaya ba. Zumar dai mun lashe ta tas ni da Nafisa, na wanke langar, na ɗora ta bisa kabad cikin jeren kwanonina, tana kallona ina kallonta. In mayar wayam, zuciyata ta ƙi. In zuba wani abu, ina tuna ku sai hannuna ya mutu. Mace da jikoki sun isa aure, da wane ido zan dubi ɗan farina in ce mashi ana nemana?

Ana cikin haka babbanku ya zo duba mu da kayan abinci. Yana zaune bisa tabarma ya ga littattafan Nafisa jere a taga, ya zari ɗaya ya buɗe ta hagu yadda ya saba buɗe na boko. Sai ya fashe da dariya ya miƙo mani.

"Hajiya, ashe labarin sa'o'inki Nafisa ke karantawa."

Na duba. Zane ne baƙi da fari: tsoho da tsohuwa zaune bisa benci, ana ruwa, sun raɓe ƙarƙashin wata yagaggiyar lema guda. Nafisa ta ce ai Baba ƙarshen labarin ya buɗe, kuma littafi na ƙarshe ya ɗauko, su mutanen Japan ta dama suke farawa. Na karɓa na juya shi, sai na ji hannuna ya san hanya da kansa, kamar littattafanmu na makarantar allo. Na ce lallai waɗannan mutane sun san abin da suke yi. Shi ya ci gaba da zancen farashin masara, ya manta. Ni kuwa tsofaffin nan sun riga sun shige mani rai. Su wane ne? Me ya zaunar da su cikin ruwa suna murmushi kamar an yi masu albishir da Makka? Motarsa ba ta gama fita layi ba na ce Nafisa ta ɗauko na farko.

Manga ake ce wa irin littattafan, in ji ta, kuma ba na yara ba ne kaɗai. Maganganun da Turanci aka rubuta su cikin 'yan ƙwai-ƙwai a kan mutanen, ita ke fassara mani, amma zanen ni ke karanta kayana. Sunayensu sun gagari harshena, don haka na raɗa masu nawa: yarinyar Ladi, saurayin Dogo. Ladi tana sayar da dunƙulen shinkafa a wata 'yar tashar jirgin ƙasa ta ƙauye, kamar malmalar tuwo amma a naɗe. Dogo ma'aikacin jirgi ne, duk zuwan jirgin sai ya sauko ya saya, ya ce ya gode, ya koma. Wata rana ruwa ya kama ta, ya ba ta lemarsa, jirgi ya tashi da shi. Tun daga ranar lemar nan tana hannunta. Kullum ta zo da ita tasha ta ɓoye ƙarƙashin teburi, kullum ta koma da ita gida. Da farko dariya nake masu, idanu kamar faranti, hanci kuwa sai ka nema. Kafin mu gama littafi na biyu na daina ganin farantin, ɗiyar mutane nake gani.

Kai, na ji daɗin kwanakin nan! Da an yi la'asar sai mu shimfiɗa tabarma gindin darbejiya. Maƙwabciyata Goggo Asabe mai daddawa ta leƙo aron rariya ranar farko, ba ta koma gida ba sai da aka kira magariba, kuma tun daga nan kullum da wurinta. Abin da ya kama ni a littafin shi ne shirunsa. Sai ka ishe shafi guda cur ba kalma ko ɗaya, hannun Ladi ne kawai riƙe da mariƙin lema, yatsun sun matse. Wani shafin kuwa layin dogo ne ya miƙe, ba jirgi ba mutum. Nafisa ta kai hannu za ta juya, in buge hannun in ce dakata, ban gama ba. Ta ce Hajiya ai ba rubutu. In ce shi ya sa ban gama ba. Mai zanen nan, ko wace ce ko wane ne, ya san yadda magana ke tsayawa mutum a maƙogwaro.

Muna tsakiyar littattafan Nafisa ta ce ai an yi fim ɗinsa, kuma yana cikin wayarta, ta sauke tun tana Katsina. Na ce katun? Ta ɓata fuska ta ce anime ake cewa. Na ce to, ko sunan kakansa ne, kunna mu gani. Aka kai wayar shagon mai sola aka cika ta, muka jingina ta da turmi, muka haɗa kai mu uku.

Wallahi da Ladi ta ɗaga kai ta kifta ido sai da na yi salati. Yarinyar da na saba gani a tsaye cak, ga ta tana tafiya, iska na kaɗa gashinta! Jirgin yana huci yana ƙara har cikin ƙirjina, ruwan sama yana bugun kwanon tasha kamar namu na Ƙanƙara, tururi na tashi daga shinkafar har Goggo Asabe ta ce yunwa ta kama ta. Wannan duk na ba su, sun yi ƙoƙari. Amma ba a je ko'ina ba muka fara rigima. Rigar Ladi da na daɗe ina gani shuɗiya a raina, sai ga ta rawaya kamar ta 'yan talla. Muryar da na ba ta mai sanyi ce, ƙasa-ƙasa, su kuwa suka ba ta wata siririya kamar ta ɗan akuya ya ɓace wa uwarsa. Suka ƙaro wata ƙawa mai surutu wadda babu ita a littafi, kullum tana zungurin Ladi. Suka cire wurin da uwarta ke koya mata naɗin shinkafa tana yi mata faɗa, wurin da na fi so, wai don ba ya sauri. Babban abin da ya fi ƙona mani rai kuwa kiɗa ne. Shafin hannu da lema, wanda nake zama a kansa har shayina ya huce, a fim ƙiftawar ido ne, kuma sai wani goge ya shigo yana gaya maka wai yanzu lokacin kuka ya yi. Ni za a koya wa lokacin kuka?

Gida ya rabu biyu. Nafisa da Goggo Asabe 'yan fim, ni kaɗai 'yar littafi. Matan layi suka ji labari suka fara cika mana tsakar gida, wasu da goyo, wata da tsintar wakenta a tire, su ma duk suka bi fim, don shi ba ya bukatar tafinta. Goggo Asabe ta ce ni dai ina son wahala ne, abu ga shi da launi da murya na nace wa baƙin zane kamar na lalle. Na ce ita kuma ko tuwo sai an tauna mata. Kullum sai mu karanta, mu kalla, mu yi musu har muryoyinmu su dushe. A lokacin da kowa ke kwana da fargaba, kasuwa ba daɗi, ba ka jin muryar naka a waya, mu muna can muna faɗa a kan launin rigar wata 'yar Japan. Rabon da in yi dariya irin ta kwanakin nan tun mahaifinku na da rai.

Littafin muka fara gamawa. An yi wa Dogo canjin wurin aiki zuwa wata ƙasa mai nisa. Ranar ƙarshe ya sauko, ya tsaya gaban teburin Ladi. Lemar na ƙarƙashin teburi, hannunta na kanta. Ya sayi shinkafa, ya ce ya gode, ya tsaya kaɗan, ya juya. Ba ta ce uffan ba. Jirgi ya tafi. Daga nan sai shafi biyu farare fat, ko ɗigon tawada babu. Ka juya, sai ga tsofaffin nan bisa benci ƙarƙashin yagaggiyar lema. Na yi kuka har da majina, ban ɓoye ba. Na ce wannan shi ne gaskiya, haka ɗiyar mutunci take, ta haɗiye abinta ta bar wa Allah. Na faɗa da ƙarfi, na maimaita, kamar akwai mai musu da ni.

Fim ɗin kuwa ya tsaya mana a wuya, don kashi na ƙarshe bai gama sauka a wayar Nafisa ba lokacin da ta baro Katsina. Ba sabis, ba dabara. Sai muka ba ɗan Goggo Asabe, direban da ke zuwa Zariya, ɗan katin memori na waya da sunan fim ɗin, ya sa a tura mana. Na ce su kwantar da hankalinsu, ai mun san ƙarshen, iyaka dai su ƙara goge.

Cikin jiran nan ne Goggo Asabe ta shigo wata safiya ina tankaɗe, ta zauna bakin turmi ta ce na ji labari kuwa? Ɗan Malam Isiyaku da ke Kaduna ya aiko direba da saƙo, ya gyara mashi ɗaki, ran Asabar da safe zai tafi, tafiyar da ba dawowa. Ta ce matar gidan da yake ta tambaye shi ko a karɓo mashi langarsa, ya ce a bar ta, ya baro abin da ya fi langa a baya. Goggo Asabe ta faɗi haka tana kallon kabad ɗina ta ƙofar ɗaki. Na ce Allah Ya kiyaye hanya, na ci gaba da tankaɗe. Ranar gishiri na zuba a kunu.

Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci katin ya iso. Tsakar gida ta cika har bakin zaure. Aka jingina waya da turmi. Komai ya tafi yadda na sani: Dogo ya sauko, ya saya, ya ce ya gode, ya juya. Na gyara zama ina jiran fararen shafuka, ina tunanin ko yaya za su yi su a fim. Jirgi ya fara motsi. Sai Ladi ta dubi lemar. Sai ta dubi jirgin. Jama'a, sai yarinyar nan ta fizgi lema ta haure teburi, shinkafa ta watse a ƙasa, ta zuba da gudu cikin ruwa, takalmi ɗaya ya fita ba ta waiwaya ba, tana ƙwala kiran sunansa da muryar nan tata ta ɗan akuya! Goggo Asabe ta rangaɗa guɗa. Ni ban san lokacin da na miƙe tsaye ba, ɗankwalina a ƙasa, ina cewa yi sauri 'yar nan, yi sauri, ga ƙofar can! Dogo ya miƙo hannu, ya diro daga jirgin, suka faɗi tare cikin taɓo, lema ta buɗe a kansu.

Da na dawo hayyacina na ga duk mata ni suke kallo. Na ɗauki ɗankwalina na ɗaura, na zauna, na ce sun ɓata labari. Na ce ƙarya ce da rashin kunya, wace ɗiyar kirki ce za ta bi namiji da gudu a tasha, an yi ne kawai don a faranta wa yara. Matan suka watse suna dariya. Nafisa ba ta yi dariya ba. Ta shiga ɗaki ta ɗauko littafi na ƙarshe, ta buɗe fararen shafukan nan ta aje bisa cinyata.

"Hajiya, ke da kika iya karanta zane, me aka zana a nan?"

"Ba komai."

"To ni shi ne ba na so a littafin. Duk shekarunsu ne a nan, mai zanen ma bai sami abin da zai zana ba."

Iyakar abin da ta faɗa ke nan, Allah ne shaidata. Ba ta ambaci Malam ba, ba ta ambaci langa ba, musun littafi da fim kawai take yi da kakarta yadda muka saba. Ta tashi ta tafi ba awaki dusa. Ni ce na zauna da littafin. Na ce a raina, nawa shekarun ba farare ba ne, cike suke da mahaifinku da ku, da haihuwa da suna da biki, ko shafi ɗaya ba zan yage ba. Sai na juya zuwa tsofaffin bisa benci. Na sake juyawa, sai bango. A nan ne na gane. Ladi ta littafi ta yi shiru ne tana yarinya, tana da sauran shafi a gaba da za a haɗa su. Ni kuwa ina shafin ƙarshe ne. In motar Asabar ta tashi, ba wani benci da ke jirana.

Na aje littafin na ɗebo gero. Rabona da dakan fura da hannuna na manta, amma na ce ba inji ba. Goggo Asabe ta jiyo ƙarar taɓarya ta leƙo ta katanga, ta dubi turmi, ta dube ni, ta zagayo da tata taɓaryar. Muka yi lugude kamar 'yan mata, kafaɗuna na kuka ina dariya. Citta, kanumfari, ɗan barkono, yadda nake yi a Mairuwa. Da safe na dafa, na kirɓa, na cura, na birkiɗa su cikin gari, na sauko da langar daga bisa kabad na jera su har murfi ya ƙi rufuwa sosai. Na ba Goggo Asabe ta kai, yadda al'ada ta ce a aika. Ba ta jima ba sai ga ta tana haki da langar a hannu. Malam ya riga ya tafi tasha, direbobi sammako suke yi saboda hanya. Ba waya, ba wanda za a kira. Ta ce bari ta nemi mai ƙafa ya ruga. Na ce ba ni nan.

Kada ku ce na yi gudu, gwiwoyina ba su san wannan ba. Keke Napep na hau, kuma ko ɗigon ruwa babu, rana ce tarwai. Amma kunyar da na ratsa a tashar nan ta fi ruwa jiƙa mutum. Duk wanda na gifta ya san ni. Wannan ya ce Hajiya tafiya za a yi, wancan ya ce Hajiya a karɓa maki kayan, ga abokan mahaifinku zaune wurin mai shayi. Na ja hijabina na wuce, langa a ƙirji, zuciyata na daka kamar jiya da yamma. Motar Kaduna ta cika, an ɗaure kaya, direba ya tayar da inji. Malam na gaba bakin taga, hularsa a gwiwa, yana kallon gabansa. Na ƙwanƙwasa ƙofar.

"Malam, ka manta langarka."

Ya karɓa da hannu biyu. Tun kafin ya buɗe na ga nauyinta ya gaya mashi. Ya ɗaga murfin, ƙanshin citta ya cika motar. Ya daɗe yana kallon furar nan. Sannan ya ɗago ya ce:

"An gode."

Jama'a, a nan ne raina ya ɓaci. Na daka gero da tsufana, na keta tasha gaban abokan mijina, a ce mani an gode?

"Malam," na ce, "tun muna Mairuwa kake an gode. Yau dai ka nemo wata maganar."

Ya rufe langar a hankali, ya sa hularsa, ya juya wurin direba.

"Ɗana, kashe motar nan ka sauke mani buhuna."

Direba ya fara ƙorafi wai buhun na can ƙarƙashin kayan kowa, fasinjoji suka hau gunaguni. Sai wata tsohuwa a kujerar baya, wadda ban taɓa gani ba, ta leƙo ta dubi langa, ta dube ni, ta saki guɗa. Aka kwance igiya.

Sauran kun san shi, don a kanku aka yi. Abin bai zo mani a banza ba. Na bar gidan da na haife ku a ciki, na bar darbejiyata, na koma ɗaki biyu a bayan layi. Babbanku bai zo ɗaurin aure ba, kawunku ya wakilta. Ya aiko aka ɗauke Nafisa tun kafin ranar, ya yi mata faɗan da har yau in ta tuna sai idonta ya kawo ruwa, ya kwashe littattafanta ya kulle. Ya daɗe bai tako inda nake ba, har bayan an maido sabis wayata ba ta ga sunansa ba sai da salla. Na ji zafin wannan ƙwarai, ba zan ɓoye maku ba, don ɗan fari ko ba a kiran sunansa shi ne a gaba a zuciya. Amma ko a ranar da ta fi zafi ban ce da na sani ba. Malam yanzu ya kafa amya biyu bisa mangwaron bayan gida, ƙudan sun harbe ni sun harbi Goggo Asabe, kuma bakinsa ya buɗe har wani lokaci sai na ce ya isa haka.

In kun tambaye ni yau, har gobe littafin ya fi fim ɗin. Ya fi shi kunya, ya fi shi zurfi, kuma rigar Ladi shuɗiya ce ko me za su ce. Littafin na fi so, fim ɗin na yi, kuma ni na zaɓa da hankalina, ba jikata ba.

Saura kai, babbansu. Ranar nan bisa tabarma ka buɗe littafi ta hagu, ka ga tsofaffi biyu, ka yi dariya ka rufe. Nawa labarin ma haka ka yi mashi: ta ƙarshe ka buɗe, ka ga tsofaffi biyu, ka yi fushi ka rufe. Ga shi yau na buɗe maka shi ta dama, tun daga kasuwar Mairuwa. Ka buɗe akwatin nan ka mayar wa yarinya littattafanta. In ka gama, ka taho Ƙanƙara, akwai fura, akwai zuma. Langar da zan zubo maka ka tafi da ita gida kuwa, ka san dai ba a mayar da ita wayam.